Ƙwanƙwasa ƙofar jijiyar jini

To, jama'a, abubuwa uku zan kawo, in lokaci ya yarda. Na farko: cikin kowace jijiyar jini akwai shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta, layi ɗaya tak kamar daɓe, sunanta endotiliyam. Idan ƙaya ta soke ka wurin ya kumbura, ƙwayoyin nan sai su fito da ƙugiyoyi: selektin, ICAM-1, VCAM-1. Farar ƙwayar jini, mai yaƙar cuta, ta taho a guje, selektin ya rage mata gudu tana mirginawa, ICAM-1 ya tsayar da ita cak. Da an ɗauka aikinsu liƙewa ne kawai, kamar ƙaro. Ashe ƙwanƙwasa ƙofa suke yi.

Wa ke amsawa? Kalsiyam. Ku bar ni in ɗan daɗe a nan. Kalsiyam ɗin da ke wajen ƙwayar halitta ya ninka na cikinta wajen sau dubu goma. Dubu goma fa! Shi ya sa ɗan kaɗan in ya shigo, gida duk ya tashi. A 1883, a Landan, Sydney Ringer ya ga zuciyar kwaɗo ta ƙi daina bugawa a kwano. Ashe yaron aikinsa ruwan famfo ya zuba maimakon tataccen ruwa, kuma akwai kalsiyam a ciki. Ɗalibai, ban ce ku riƙa ganganci ba!

Ina muka tsaya? Yauwa. Ƙugiyoyin na taruwa wuri guda, sai sinadarin IP3 ya buɗe rumbun kalsiyam na cikin ƙwayar endotiliyam, ƙofar TRPC6 kuma ta shigo da na waje. Ƙwayar ta ɗan takure, maɗaurin VE-cadherin da ke haɗa ta da maƙwabtanta ya saki, farar ƙwaya ta sulale ta fice daga jijiyar. A 1993 aka gwada hana kalsiyam ɗin tashi: fararen ƙwayoyin suka liƙe lafiya lau, amma suka kasa wucewa. Sun yi sallama ba a amsa ba.

Na biyu... ko na uku ne? Na'am, Hajiya? Tana tambaya kan sikila. Ranki ya daɗe, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Jajayen ƙwayoyin mai sikila na manne wa VCAM-1 da P-selektin, su taimaka wajen toshe ƙananan jijiyoyi, ciwon ya tashi. Haka jar ƙwayar da zazzaɓin cizon sauro ya shiga, takan kama ICAM-1 a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ku miƙa mata makirfon, ba ta gama ba.