Ciwon da Ya Ƙi Tafiya: Lacca Kan Hifnosis

(An kwafo daga faifan laccar da wani likita ya yi wa ɗaliban aikin jinya da wasu baƙi. An bar maganar yadda ta fito.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Madalla. Wanda ke kusa da fankar nan ya ɗan rage ta don Allah, takarduna na tashi.

Tun a bakin ƙofa wata ɗaliba ta tare ni ta ce, "Likita, yau barci za ka sa mu?" Na ce mata wannan ai ba sai da hifnosis ba, lacca bayan azahar ta wadatar. [dariya] To, abubuwa huɗu zan faɗa in Allah ya yarda: mene ne ciwo mai daɗewa, mene ne hifnosis, me bincike ya nuna, sannan wa zai amfana.

Na farko ba zai ci mana lokaci ba. Ciwon da ya wuce wata 3 yana nan, ko yana tafiya yana dawowa, shi muke kira mai daɗewa. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Ciwon baya, ciwon gwiwa na iyayenmu, zugin ƙafa na masu ciwon suga da suke cewa kamar an zuba musu barkono. Sabon ciwo yana da amfani, kare ne da ya ga ɓarawo ya yi haushi. Shi kuwa mai daɗewa, sau da yawa ɓarawon ya tafi tun bara, karen bai daina haushi ba. Ku riƙe wannan karen, za mu dawo kansa.

Na biyu. Sunan ma kansa kuskure ne. Wani likitan fiɗa ɗan Sikotland da ke aiki a Manchester, James Braid, shi ya yaɗa kalmar a littafinsa na 1843, daga kalmar Girkanci mai nufin barci. Alhali ba barci ba ne. Mutum yana jin ka, yana iya buɗe ido ya tashi ya yi tafiyarsa. Tattara hankali ne wuri guda har sauran abubuwa su dushe. Maza, kun san lokacin da kuke kallon ƙwallo, uwargida ta kira sau uku, tuwo ya huce, kunnenku lafiya lau amma ba ku ji ba? To kun ɗanɗana. Bambancin kawai, a hifnosis akwai mai jagora, yana ba hankalin shawara yayin da yake a tattare.

Kafin Braid akwai Mesmer, Bajamushe, wanda ya cika birnin Paris da cewa akwai wani ƙarfi irin na maganaɗisu da ke fita daga hannunsa yana warkarwa. A 1784 sarkin Faransa ya kafa kwamiti, har da masanin kimiyya ɗan Amurka Benjamin Franklin a ciki. Suka rufe wa mutane ido suka gwada, suka ce babu wani maganaɗisu, tunanin mutanen ne ke aiki. Suka watsar da zancen. Ni kuwa kullum in na karanta wannan sai in ce, haba malamai, kun gano tunani na iya yi wa jiki wannan aiki, sai kuma ku tattara takardu ku tafi gida?

Yanzu ga mutumina. Ku yi haƙuri, in na zo kan James Esdaile ba na iya sauri. Shi ma ɗan Sikotland ne, likitan fiɗa a Hooghly, kusa da Kalkata a Indiya. Shekarar 1845. Ku tuna fa, babu allurar kashe zafi, babu iskar sa barci. Fiɗa a lokacin ita ce ƙarti su danne mutum, likita ya yi sauri. Yawancin masu zuwa wurinsa masu gwaiwa ce irin ta tundurmi, wadda ke girma har mutum ya kasa tafiya. Esdaile ya koya wa yaran asibitinsa, 'yan ƙasar, su zauna a kan mara lafiya a ɗaki mai duhu, suna shafa iska a saman jikinsa, wani lokaci sa'o'i, wani lokaci kwanaki ana maimaitawa, har mutumin ya nutse. Sannan ya sa wuƙa. Ya yi manyan ayyuka wajen 300 a haka, har da yanke ƙafa. Shi kansa ya ɗauka maganaɗisun Mesmer ne. Bayaninsa kuskure, amma aikin ya faru, har gwamnatin Bengal ta ba shi ƙaramin asibiti a Kalkata don a gwada a gaban shaidu. Sai me? A 1846 aka nuna iskar sa barci mai suna ether a Boston, 1847 aka zo da wata mai suna kulorofom a Edinburgh. Wa zai tsaya shafa iska na awa biyu alhali ga kwalba? Shi ke nan, aka manta da shi.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, mutanen nan ba su ji wuƙar ba ne, ko sun ji amma ba ta dame su ba? Kuna ganin tambaya ɗaya ce? Biyu ce. Kuma in kun manta duk abin da na faɗa yau, kada ku manta wannan: ciwo kashi biyu ne. Akwai jin sa, wato ina yake, yaya ƙarfinsa, suka ne ko zugi. Akwai kuma damuwarsa, wahalar da yake sa ka, tsoron da yake zuwa da shi.

Wa ya taɓa kallon sharo a nan? Ɗaga hannu. Yawwa, ke daga wajen ina? To kin gani da idonki. Saurayi ya tsaya, ƙirji a buɗe, ga madubi a hannu yana kallon fuskarsa, ana zuba masa tsumagiya har fata ta fashe, yana murmushi. Jijiyoyinsa sun mutu ne? Ko kusa. Saƙon yana isa. Amma ga kiɗa, ga kirari, ga 'yan mata na kallo, ga dangi. Wannan bulalar, da ɓarayi ne suka tare shi a daji suka yi masa ita, ihunsa sai an ji a ƙauye na gaba. Bulala ɗaya, fata ɗaya. Ban ce sharo hifnosis ba ne, kar ku rubuta haka a jarrabawa. [dariya] Ina nuna muku kashi biyun ne.

A 1997 wani mai bincike a Montreal ta Kanada, Pierre Rainville, da abokan aikinsa suka kama abin a hoto. Suka sa mutane tsoma hannu a ruwan zafi mai digiri 47, suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. A cikin hifnosis aka ce musu, zafin yana nan yadda yake, amma zai fi damunka. Wani zagayen aka ce zai rage damunka. Sashen ƙwaƙwalwa mai karɓar saƙon fata bai canja ba. Wani sashe can ciki ta gaba, mai kula da damuwar ciwo, shi ya riƙa hawa yana sauka daidai da maganar da aka faɗa. Ruwa ɗaya, hannu ɗaya. Da na fara karanta wannan, wallahi tashi na yi na zaga ɗaki. Magana ce kawai fa, ta kunne ta shiga.

Kuma iyayenmu mata sun riga mu. Yaro ya faɗi, uwa ta murza wurin, ta hura, ta daki ƙasar ta ce "na rama maka". Murzawar, masu bincike biyu, Melzack da Wall, sun yi bayaninta a 1965, cewa akwai kamar ƙofa a lakar baya, saƙon taɓawa na iya tare wa saƙon ciwo hanya, ƙwaƙwalwa ma na iya aiko umarni daga sama a tura ƙofar. Dukan ƙasar kuwa, wannan na kashi na biyu ne.

Ina muke? Na uku? To mu ce na uku. Bari in nuna muku yadda zaman yake. Akwai wani direban babbar mota da na taɓa gani, ciwon baya shekara da shekaru, hoto bai nuna abin da za a yi wa fiɗa ba. Ya fara da tiramadol ɗaya, ya kai inda shi kansa ya ji tsoro. Na zaunar da shi, na ce ya kafa ido kan wani tabo a bango, ya riƙa sakin numfashi a hankali, har idon ya yi nauyi ya rufe. Na ce, tuna randar gidanku da asubar hunturu, ka tsoma hannun dama a ciki. Ji sanyin a yatsu, ya hau tafi, hannun ya fara yin kamar ba naka ba. Can na ga yatsunsa na motsi. Na ce ɗauki hannun ka ɗora a bayanka, bar sanyin ya ratsa. Sannan na ce, ciwon nan rediyon motarka ne, nemo maɓallin, ba ka kashe ba, ka rage murya. Da ya buɗe ido na tambaye shi. Ya ce, "Likita, yana nan, amma ya koma kujerar baya." Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan ba.

Bai warke ba, kar wani ya ce na ce. Ya riƙa yi da kansa kullum minti goma ko sha biyar, ya samu barci, muka rage maganin sannu a hankali tare da motsa jiki. Abin da Mark Jensen na Jami'ar Washington a Seattle ya daɗe yana koyarwa ke nan, mara lafiya ya iya yi da kansa. Karen bai mutu ba, an koya masa kwanciya.

Shugaba na nuna mini agogo. Saura da gudu. A Liège ta Beljiyam, Dokta Faymonville ta fara tun 1992 ana fiɗa da hifnosis haɗe da allurar kashe wuri, daga baya har da fiɗar maƙoƙo, an yi dubbai. A Manchester, Peter Whorwell ya nuna a 1984 yana taimaka wa masu murɗawar hanji da kumburin ciki da ba a ga dalilinsa ba. Ba kowa yake ɗauka daidai ba, kamar mutum 1 cikin 10 ne ke nutsewa sosai, yawancinmu muna tsakiya. Kuma ku ma'aikatan jinya, kada a fara sai an bincika. Mai ciwon baya da ke ramewa, yana zufar dare, ƙafa na mutuwa, wannan tarin fuka na ƙashin baya ko ciwon daji za ku nema, ba randa ba. Mai taɓin hankali ma ba a yi masa sai da likitan ƙwaƙwalwa. Na biyar... a'a, babu na biyar. Tambaya?

(Wani dattijo: Likita, wannan abu ba ya cikin sihiri kuwa?)

Allah gafarta Malam, na san za a yi ta. Larabawa har yau suna ce masa attanwimul magnaɗisi, ka ga maganaɗisun Mesmer ya bi su. Kuma akwai malaman da suka hana shi, suna bayanin wanda ake sa mutum ya faɗi gaibu ko inda kayan sata suke. Ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa ba. Abin da nake yi dai ka ji shi duka, randa da rediyo. Ba na kiran kowa, ba turare, kuma ba zan iya sa mutum abin da ba ya so ba. Ka zo ka zauna ka gani, sannan ka hukunta.

(Wata mata: 'Yata na da sikila, shekararta 14. Zai yi mata?)

Sannu Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. A Philadelphia an koya wa masu sikila yin sa da kansu, aka buga sakamakon a 1997. Ranakun ciwo sun ragu, amma ƙananan ciwukan ne suka ragu, manyan suna nan. Saboda haka in babban ya tashi, ko zazzaɓi, ko ciwon ƙirji, asibiti za ki nufa a take, a ba ta ruwa da maganin ciwo mai ƙarfi, kada ki tsaya cewa ta rufe ido. Na tsakani, na daren da take juyi ta kasa barci, nan zai iya taimakawa, kuma yara masu irin shekarunta sun fi mu manya saurin ɗauka. Ita randar sanyi kuma ban da ita, sanyi na tayar musu da ciwo, ko a tunani ba na son ta saba da shi. Ɗumi za a ba ta, bargo ko hantsi. Me ta fi so, Hajiya? Kitso? To daga nan za mu fara. Ki tsaya bayan an tashi, shugaba ya riga ya miƙe.