Lacca: Abin da Jinin Mai Ciki Ke Faɗa Game da Jaririnta

Assalamu alaikum. Iyayena mata, ƙannena, da mazajen da suka daure suka zauna can baya, sannunku da zuwa.

Duk mai zuwa awo ta san ana ɗibar jini. In na tambayi dalili, amsar da nake ji ita ce: "A ga ko jinin ya isa." Haka ne, amma aikin ya wuce nan. Mabiyiya da jaririn kansa suna zuba wasu sinadarai cikin jinin uwa, kuma yawansu ko ƙarancinsu kan nuna ko akwai yiwuwar matsala a halitta.

Gwajin farko ana yinsa tsakanin mako 11 zuwa 13, wato ƙarshen wata na uku. Ana auna sinadarai biyu, a haɗa da hoton ciki inda ake duba kaurin ruwan da ke ƙeyar jariri. Da su ake hasashen lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita, take jinkirta girmansa da koyonsa. Shekarun uwa suna shiga lissafin: mai shekara 40, yiwuwar ta kai kusan 1 cikin 100. Gwaji na biyu kuma tsakanin mako 15 zuwa 20 ne. Akwai wani sinadari, AFP, wanda hantar jariri ke yi. In ya yi yawa, mukan yi zargin ƙashin baya bai rufe ba, irin jariran da ake haifa da ƙullutu a gadon baya. Akwai kuma sabon gwaji tun daga mako 10, wanda ya samo asali daga binciken wani masani, Dennis Lo, a 1997, da ya gano ɓurɓushin ƙwayoyin halittar jariri a jinin uwa. Ya fi sauran daidaito, sai dai tsada.

To, ku saurare ni da kyau a nan. Waɗannan gwaje-gwajen hasashe suke yi. In takarda ta ce 1 cikin 100, ma'anarta mata 99 masu irin wannan sakamakon za su haifi 'ya'yan da ba su da lalurar. Na ga mace ta ninke takardar, ta cusa a haɓar zani, ta yi kwanaki ba ta iya cin abinci, alhali lissafin watannin ne aka kuskure. Tagwaye ma suna ɗaga AFP. Don haka kada wadda ta karanta sakamako ita kaɗai ta yanke wa kanta hukunci. A dawo mana da shi. Za mu sake hoto, in ta kama a ɗebi ruwan mahaifa da allura daga mako 15, shi ne mai tabbatarwa.

Wani zai ce, tunda halitta ta Allah ce, me sanin zai ƙara? Shiri zai ƙara, Malam. Jaririn da bayansa ke buɗe yana buƙatar tiyata a kwanakin farko na haihuwa. In an sani, sai a haihu inda akwai likitocin aikin, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Shika a Zariya, maimakon a haihu a ɗaki a fara neman mota da tsakar dare.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri. Kunyar cikin fari ta sa ana ɓoyewa har wata shida ko bakwai, lokacin gwajin farko da na biyu sun wuce. Ku surukai, wannan a hannunku yake. Kuma bayan jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, kafin mace ta tabbatar tana da ciki. Shi ya sa muke so a fara shan ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin a ɗauki cikin.

Sai sikila, wadda ta fi duk waɗannan yawa a wajenmu. In uwa AS ce, uba ma AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo da SS. Kowane ciki na ce, ba wai in ɗaya ya samu uku sun tsira ba. Jinin uwa kaɗai ba zai ba da wannan amsar ba, sai an haɗa da na uba. Mazan da ke baya, ɗakin ɗibar jinin nan naku ne ku ma.

Yanzu sai tambayoyi. Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu, bismillah.