Tea Party: Masu Zanga-zangar da Suka Kayar da Manyan Jam'iyyarsu

Assalamu alaikum, jama'a. Duk lokacin da aka ambaci Tea Party, sai ka ji wasu na cewa ai wata jam'iyya ce ta uku a Amurka. Ba haka ba ne, gungun masu zanga-zangar adawa da yawan haraji da kashe kuɗin gwamnati ne. Ba ta da shugaba ɗaya, ba ta da hedikwata. A cikin jam'iyyar Republican ta yi yaƙinta.

Abin ya faro ne da wani mutum da ya ɗaga murya a talabijin. Rick Santelli ke nan na tashar CNBC, ranar 19 ga Fabrairun 2009, a kasuwar hada-hada ta Shikago. Fushi yake da shirin Shugaba Obama na tallafa wa waɗanda bashin gida ya fi ƙarfinsu, har ya yi kira a fito zanga-zangar da ya kira "Tea Party". Sunan kuwa ya samo asali ne daga 1773, lokacin da mutanen Boston suka zubar da ganyen shayin Ingila cikin teku saboda haraji.

Dama wutar tana ci a ƙarƙashin toka. A 2008 gwamnatin Bush ta ware dala biliyan 700 don ceto bankuna, sai Obama ya ƙara dala biliyan 787 don farfaɗo da tattalin arziki. Ranar 15 ga Afrilun 2009, ranar ƙarshe ta kai takardun haraji, ɗaruruwan garuruwa suka cika da masu kwalaye. 

To, yanzu ku ba ni hankalinku, don nan ne mutane ke ɓacewa. Zanga-zanga kaɗai ba ta kayar da sanata. Zaɓen fid da gwani ne makaminsu. A yawancin jihohin Amurka ba wasu 'yan daliget ake tarawa a ɗaki ba, masu jefa ƙuri'a ne da kansu ke zaɓar ɗan takarar jam'iyya. Kuma mutane kaɗan ne ke fitowa ranar. Don haka idan kana da magoya baya masu zafin rai da ke buga ƙofa-ƙofa, sai ka tumɓuke wanda jiga-jigan jam'iyya suka tsayar. A 2010, a takarar kujerar sanata a jihar Kentucky, Rand Paul na ɓangaren Tea Party ya doke Trey Grayson, ɗan lelen Sanata Mitch McConnell. A Florida, wani gwanin nasu, Marco Rubio, ya matsa wa Gwamna Charlie Crist har ya fice daga jam'iyyar. Daga nan tsoro ya shiga 'yan majalisar Republican: mai yin sulhu da Obama, a gida zai gamu da gamonsa, tun kafin babban zaɓe.

Dabarar ba kullum take ci ba. A Delaware sun fid da Christine O'Donnell, ta sha ƙasa a hannun ɗan Democrat. Duk da haka, a Nuwamban 2010 Republican ta ƙara kujeru 63 a majalisar wakilai.

Talakawa ne suka tashi, ko attajirai ne suka ɗauki nauyi? Ni dai a ganina duka biyun gaskiya ne. Fushin na gaske ne, amma ƙungiyoyi irin su FreedomWorks da Americans for Prosperity mai alaƙa da attajiran gidan Koch sun zuba kuɗi da horo, tashar Fox News kuma ta yi ta kwarzanta su.

A watan Yunin 2014, Eric Cantor na Republican, shugaban masu rinjaye a majalisar wakilai, ya faɗi zaɓen fid da gwani a Virginia a hannun Dave Brat, malamin tattalin arziki mai ra'ayin Tea Party da ba a san shi ba. Shekara ta gaba, kakakin majalisar, John Boehner, shi ma ɗan Republican, ya ajiye muƙaminsa.