Lacca: Kallon tsuntsaye da namun daji a tsaunukan Asir

Jama'a, assalamu alaikum. Mu mazauna Makka da Jidda, idan zafi ya matsa mana, Ɗa'ifa muke nufa, a sha iska a dawo. To hanyar nan ba ta ƙare a can ba. Ta bi ƙashin bayan tsaunukan Sarawat ta yi kudu, ta ratsa Baha da Namas da Tanuma har Abha, garin da ke kan tudu, fiye da mita 2,200 sama da matakin teku. Dutsen Suda da ke kusa da shi ya doshi mita 3,000. Kurmin itacen ar'ar ne a can, ga sanyi, ga raɓa, ga tsuntsayen da babu irinsu a wajen yankin Larabawa.

Wanda ya yi barcin safe ya yi asarar kuɗin mai. Ku yi sallar asuba kuna kusa da wurin, gari ya waye muku a bakin kurmi. Dalili biyu ne. Tsuntsaye sun fi kuka da kiwo da sanyin safiya. Sannan da rana ta ɗaga, iska mai laima tana tasowa daga Tihama, wato shimfiɗar bakin Bahar Maliya, ta hau dutsen ta zama hazo, sau da yawa kafin la'asar ba ka ganin motar da ke gabanka, balle tsuntsu. Watan Afrilu zuwa Yuni ya fi, lokacin sheƙa ke nan.

Madubin hangen nesa, wanda mutanen nan ke kira darbil, ku nemi mai lamba 8x42; lambar farko, 8, ita ce ninkin da yake ƙara wa girman abu. Kada mai shago ya ruɗe ku da 16 ko 20. Gwargwadon girman lambar farko, gwargwadon yadda hoton ke rawa a hannu, filin gani kuma ya tsuke. Kafin ka lalubo reshen, tsuntsun ya tashi. Ka kafa ido a kansa tukuna, sannan ka ɗago madubin ba tare da ka sunkuya ba. Farar jallabiya a bar ta a masauki, a sa mai ruwan ƙasa, da rigar sanyi.

Babban abin nema shi ne ak'ak na Asir. Baƙi da fari ne kamar hankaka, sai dai ya fi shi ƙanƙanta da tsawon wutsiya. A duk duniya nan kawai yake, wajajen Billasmar da Tanuma da Namas, abin da ya rage kuma bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Kurmin da yake dogaro da shi yana bushewa, gine-gine na cin saura. Kunne ne ke fara samunsa: yana da ƙara, suna yawo 'yan ƙungiya, sukan sauko inda masu shan iska suka bar ragowar shinkafa. Sheƙarsa babban tulin ƙirare ce mai rufi. Kun gan ta, ku ja baya.

Raida, yamma da Abha, keɓantaccen daji ne, sai an bi ta ƙofar masu gadi. Hanyar gangara ce mai tsanani, kuma amfaninta ke nan, domin tsuntsaye na sauyawa yayin da kake sauka. A sama makwarwar dutse da maƙwaƙwafi, can ƙasa da ɗumi ya fara sai ka ji cilakowa, ita dai wadda kuka sani a gida. Ku sa mota a giya ta ɗaya. Wanda ya danne birki tun daga sama, faifan zai yi zafi, man birki ya tafasa, ya taka ya ji wayam.

Gwaggon biri kuwa ba sai kun nema ba, yana bakin titi yana jira. Ku rufe gilashi, kada ku ba shi komai. Ciyarwar mutane ce ta sa ya raina su har yake fizge leda a hannun yara. Da yamma, in hazo ya sarara, ku leƙa tafkin madatsar Abha, akwai zalɓe da kazar ruwa.

Na ji Alhaji a baya can yana tambayar damisa. Alhaji, damisar Larabawa tana gab da ƙarewa, masu bincike ma kyamara suke ɗaurewa a dutse wata da watanni su dawo hannu rabbana. Kada ka sa ta a lissafin tafiyarka.