Lacca: Safiyar da Giwa Ta Koya Mini Kallo

Assalamu alaikum. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku ɗalibai da kuka cika ɗakin nan. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Na yi shekaru ina zana giwa daga hotuna. Kunnuwa su fito daidai, haure daidai, mutane su yaba. Sai wata safiya a gandun daji, motarmu tana tsaye, ina zana wata bishiya da fensir, jagoranmu ya dafa kafaɗata a hankali ya ce, "Malam, kada ka motsa." Na ɗaga kai. Toron giwa ne, tsakaninmu bai fi taku goma ba.

Abin da ya fara girgiza ni shi ne ban ji zuwansa ba. Dabbar da nauyinta kan kai tan 6, amma ko karyewar kara ban ji ba! Ashe a ƙarƙashin ƙafar giwa akwai tsoka mai kitse, mai taushi kamar matashi, ita ke shanye nauyin. Ya ɗaga hancinsa yana shinshinar iska ta wajenmu. A bakin hancin na ga wasu tsokoki biyu kamar yatsu suna buɗewa suna rufewa. Giwar Afirka biyu gare ta, ta Asiya ɗaya. Sannan ido. Ɗan ƙarami ne, ruwan zuma, da dogon gashi wanda ƙura ta kwanta a kai. Ya yi wani gurnani can ƙasa-ƙasa, wanda ƙirjina ya ji fiye da kunnena. Ya kaɗa kunnuwa, ya juya, ya shige cikin itatuwa.

Da na koma ɗakin aikina na dubi tsofaffin zanukana, sai na ga siffar giwa kawai na yi ta kwafa. Babu nauyi, babu wannan shirun. Launin ma kuskure ne. Kowa ya ɗauki burushi sai ya haɗa baƙi da fari ya ce ga giwa. Wanda na gani, fatarsa tsage-tsage ce, laka ta bushe a cikin tsagun, akwai ja, akwai ruwan ƙasa, a inuwar cikinsa har da shuɗi-shuɗi. Giwa launin ƙasar da ta yi birgima a ciki take ɗauka. Shi ya sa giwayen Tsavo a Kenya suke jajaye.

Gani ya kori ji, kuma tarihin zane ya shaida haka. A 1515 aka kai karkanda birnin Lisbon na ƙasar Portugal daga Indiya. Mai zane Albrecht Dürer, yana Jamus, ya zana ta ba tare da ya gan ta ba; da wasiƙa da ɗan zanen wani ya yi aiki. Gwani ne, amma sai ya sa mata fata kamar sulken yaƙi, har da ƙaramin ƙaho a doronta. Ku kwatanta da wani mai zanen, Rembrandt, wanda a 1637 ya tsaya gaban wata giwa mai suna Hansken a Amsterdam, ya zana ta da baƙin alli. Layuka kaɗan ne, amma za ka ga fatar tana saɓule a kan ƙashi. A wurina na biyun ne yake numfashi.

Tun daga ranar na sauya hannu. Nakan ajiye idon mai kallo a ƙasa, giwar ta yi masa rumfa, wani lokaci in bar rabin kunne ya fita daga takardar, domin a kusa ba ka iya ganinta gaba ɗaya.

Sai dai ku ji ni da kyau: kada wani ya je neman irin wannan kusanci. Toron ne ya zo inda muke, muna cikin mota, da jagora. Uwar da ta ɗauki ciki wata 22 ba ta wasa da ɗanta. Kuma giwaye raguwa suke yi. A 2021 aka sanya giwayen Afirka, na kurmi da na fili, cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Wannan yana damuna ƙwarai, shi ya sa ba na yarda in zana su da ganganci.

Ga takardar da ke hannuna a safiyar nan. Kun ga wannan layin da ya tsaga bishiyar? Nan ne hannuna ya yi rawa. Ku miƙa ta har baya kowa ya gani, sai mu shiga tambayoyi.