Easington: Gundumar Karkarar da Ta Nemi a Gina Mata Birni

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu leƙa arewa maso gabashin Ingila, bakin teku, tsakanin garin Sunderland da garin Hartlepool, cikin lardin Durham. A wannan yanki an taɓa yin wata ƙaramar hukuma mai suna Gundumar Karkara ta Easington. An kafa ta a 1894, aka rushe ta a 1974. Shekara 80 ke nan cif. Yanzu ko taswira ka buɗe ba za ka ga iyakarta ba, amma a cikin waɗannan shekaru ta yi abin da ƙananan hukumomi ba su cika yi ba: ta zauna ta tsara sabon gari sukutum, ta kai wa gwamnatin Landan, ta ce a gina wa mutanenta.

Kafin mu kai can, sai mun san yadda aka yi irin waɗannan gundumomi suka samu. Asalinsu ba siyasa ba ce, talauci ne da cuta. Tun a shekarun 1830 aka harhaɗa ƙauyukan Ingila rukuni-rukuni, kowane rukuni da gidan gajiyayyunsa da kwamitin da ke kula da shi. Da kwalara da zazzaɓin taifot suka addabi ƙasar, sai a shekarun 1870 aka ɗora wa waɗannan kwamitoci aikin tsabta: ruwan sha, kwata, shara, masai. Dokar 1894 ita ce ta mayar da su majalisun da jama'a ke zaɓa, kuma tun a lokacin mace na iya tsayawa takarar kansila, alhali ba ta da ƙuri'a a zaɓen majalisar ƙasa. A saman gunduma akwai majalisar lardi, ita ke riƙe da 'yan sanda da manyan hanyoyi, daga baya har da makarantu. A ƙasanta akwai majalisun ƙauyuka. Ita gunduma tana tsakiya, kuɗinta daga harajin gidaje da filaye, ma'aikatanta kuwa akawu, da likitan gunduma, da injiniya, da duba-gari.

Wanda ya tsara wannan doka, gonaki yake hange, da coci, da 'yan gidaje kewaye da dandali. Kuma tsohon ƙauyen Easington haka yake. Sai dai a ƙarƙashin gonakin akwai kwal. A ɓangaren yamma na gundumar an daɗe ana haƙarsa, a wurare irin su Haswell, Thornley, Wingate, Shotton da Wheatley Hill. Na bakin teku ne ya gagara, don yana can ƙasa da wani dutse mai kauri da yashi mai cike da ruwa. An fara haƙa ramin Easington a 1899, ruwa ya yi ta cin ƙarfin ma'aikata, har sai da aka daskarar da ƙasar ta zama ƙanƙara sannan aka ratsa ta. Ba a fito da kwal ba sai 1910. An fara na Horden a 1900, na Blackhall ya biyo baya. Daga bakin waɗannan ramuka hanyoyi suka miƙa ta ƙarƙashin teku, mutum ya yi tafiyar mil da mil kafin ya isa inda zai sa diga.

Sai mutane suka yi ta kwarara. Inda jiya tumaki ke kiwo, yau ga layukan gidajen bulo jere reras. A Horden ko suna ba a tsaya raɗa wa titunan ba: Titi na Ɗaya, Titi na Biyu, har zuwa na Goma Sha Uku. Mahaƙar Horden kaɗai ta ɗauki ma'aikata sama da 4,000, kuma a rana ɗaya cikin watan Mayun 1930 ta fitar da tan 6,758 na kwal. Yawan jama'ar gundumar ya haura 80,000. A takarda sunanta karkara, ikon da doka ta ba ta na karkara, amma nauyin da ke kanta na birni ne. An ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ku shigo ɗaya daga cikin gidajen nan, musamman na tsofaffin ƙauyukan yamma. Gidan na kamfani ne. Muddin kana aiki a rami kana ciki, ranar da aka sallame ka, ka tattara iyalinka. Ɗaki biyu ko uku, 'ya'ya rututu. Masai yana bayan gida, ba na ruwa ba ne, toka ake zubawa a kai, sai mai keken doki ya zo ta lungu ya kwashe da shebur. Maigida ya dawo baƙi ƙirin, ya durƙusa a gaban murhu a cikin bahon kwano, uwargida ta cuɗa masa baya. In tana da miji da 'ya'ya maza biyu a rami, kowa da lokacin shigarsa, to wutar murhunta ba ta mutuwa: ta dafa ruwa, ta dafa abinci, ta kakkaɓe kaya a jikin bango, wani ya fita, wani ya shigo, dare da rana. Idan ana tarihin kwal, mazan ake ambato. Matan nan su ma sun ba da lafiyarsu, kuma su ne suka fi kowa sanin abin da rashin famfo da kwata ke yi wa jariri.

Daga cikin irin waɗannan gidaje Peter Lee ya fito. An haife shi a 1864 a Trimdon Grange, ya shiga rami yana ɗan shekara 10. Ya yi yawon neman aiki, ya je Amurka, ya je Afirka ta Kudu, ya koma makarantar dare da girmansa don ya gyara karatunsa, ya zama mai wa'azi a cocin Methodist. A Wheatley Hill ma'aikata suka zaɓe shi mai sa ido a kan sikeli. Wannan muƙami ku lura da shi. Ana biyan mahaƙi ne gwargwadon nauyin kwal ɗin da ya turo sama, kamfani kuma shi ke awo. Don haka ma'aikata ke haɗa kuɗi daga aljihunsu su ɗauki mutum nasu ya tsaya kusa da ma'aunin kamfani, kada a tauye su. Ba a ba mutum wannan aiki sai an yarda da amanarsa, kuma da yake ba kamfani ke biyansa ba, yana iya buɗe baki ya yi magana.

Lee ya fara da majalisar ƙauyen Wheatley Hill, a 1907 ya shiga majalisar gundumar Easington, a 1909 ya shiga ta lardi. Abin da ya sa a gaba bai da ƙyalli: ruwa, magudanar ƙazanta, hanya, fitilar titi, maƙabarta. A 1919 jam'iyyar Leba, ta 'yan ƙwadago, ta karɓi majalisar lardin Durham, shi ya zama shugabanta. Ya rasu a 1935, aka binne shi a Wheatley Hill. Ni a ganina, nan ne darajar irin wannan ƙaramar majalisa take. Ita ce ƙofar da ɗan ƙwadago ya bi ya shiga mulki, a kan al'amarin da ya sani ciki da bai, domin shi ma daga wannan famfo yake sha.

Bayan yaƙin duniya na ɗaya, dokar gidaje ta 1919 ta ba gundumomi tallafi su gina gidajen haya. Easington ta gina da yawa, tana liƙa sababbin unguwanni a gefen kowane ƙauye. A 1930 aka ɗauke mata kula da hanyoyi aka mayar wa lardi, aikin gajiyayyu ma ya koma can, sai gidaje da tsabta suka zama babban aikinta. Amma injiniyan gundumar, C. W. Clarke, ya lura da wata matsala. Kowane ƙauye an kafa shi ne a gindin rami, ƙarƙashin hayaƙi da tulin ɓaraguzan kwal. Ramin yana da ranar ƙarewa. Babu masana'antar da mace za ta samu aiki, babu abin da saurayi zai yi in ba ya bi sawun ubansa ba. To me ya sa za a ci gaba da zuba kuɗi ana faɗaɗa wuraren da babu wanda ya zaɓe su don daɗin zama?

Da aka gama yaƙin duniya na biyu, Clarke ya fitar da wani ɗan littafi da sunan majalisar, Farewell Squalor, wato ban kwana da ƙazanta. Shawararsa ita ce a daina warwatsa gidaje, a tara ƙarfi wuri guda a gina sabon gari a fili mai iska, da kasuwa, da makarantu, da masana'antu iri-iri. Ya zo a kan gaɓa. A 1946 majalisar ƙasa ta yi dokar sababbin garuruwa. Yawancin na farko an kewaye Landan da su ne don rage cunkoso, kuma a Stevenage, ɗaya daga cikinsu, mutanen gari har ihu suka yi wa minista Lewis Silkin don ba sa so. A Easington kuwa, mutanen ne da kansu suka je suna roƙo. A watan Maris na 1948 aka ayyana garin, da niyyar ya ɗauki mutum 30,000, aka raɗa masa suna Peterlee.

Daga nan labarin ya ɗauki wani salo mai ɗaci. Dokar ba ta bar gina gari a hannun ƙaramar hukuma ba. Minista ne ke naɗa hukumar raya gari ta musamman, ita ke da kuɗi, ita ke da iko. Majalisar da ta haifi tunanin ta koma gefe. Aka ɗauko Berthold Lubetkin, shahararren mai zanen gine-gine haifaffen Tbilisi ta ƙasar Jojiya, ya zana gari dunƙulalle mai dogayen benaye. Sai hukumar kwal ta ƙasa, wadda ta karɓi ramukan kwal daga hannun kamfanoni a farkon 1947, ta ce ba ta yarda ba. A ƙarƙashin filin akwai kwal mai yawa da take son haƙa, in kuwa an haƙe, ƙasa za ta lotsa, bene ba zai tsaya ba. Aka yi ta kai ruwa rana. A 1950 Lubetkin ya ajiye aiki, aka koma gina gajerun gidaje a warwatse. Kwal ɗin da ake son mutane su huta da shi, shi ne ya yanke yadda sabon garin zai kasance.

Ana cikin haka, da asubahin 29 ga Mayun 1951, bala'i ya auku a ramin Easington. Haƙoran injin yankan kwal suka daki wani dutse, tartsatsi ya tashi, iskar gas ta kama, ƙurar kwal ta ɗauki wutar ta bi hanyoyin rami da ita. Lokacin canjin aiki ne, masu shiga sun iso, masu fita ba su tafi ba, shi ya sa asarar ta yi yawa. Mutum 81 suka mutu, sannan biyu daga cikin masu aikin ceto. A ƙauyen da kowa ya san kowa, mutum 83. An shuka itatuwa 83 a jere don tunawa da su.

Peterlee ta tashi, iyalai suka samu gida mai banɗaki a ciki da ɗan lambu, masana'antu suka zo, mata suka samu aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ya taso a gida mai masai na toka ba zai raina shi ba. Amma tsofaffin ƙauyuka sun ji a jikinsu. An taƙaita gini a cikinsu don a tura mutane sabon gari, saurayi ya yi aure ya nemi gida kusa da mahaifiyarsa a ce masa sai Peterlee. Clarke ya yi gaskiya game da hayaƙi da ƙazanta. Abin da lissafinsa bai ɗauka da nauyi ba shi ne zumuncin da ke cikin layukan nan, inda maƙwabciya ke karɓar haihuwa, ta kuma yi wa mamaci wanka.

Ƙarshen gundumar bai zo da hayaniya ba. Gwamnati ta ga ƙananan hukumomin Ingila sun yi yawa, wasu sun yi ƙanƙanta, kuma bambancin birni da karkara ya daina ma'ana tunda mota ta haɗa su. Dokar 1972 ta soke gundumomin karkara baki ɗaya a Ingila da Wales. Ranar 1 ga Afrilun 1974 aka haɗa yankin Easington da garin Seaham, aka yi sabuwar gunduma, ita ma da sunan Easington.

Wannan sabuwar ce ta ga mutuwar kwal. Blackhall ta rufe a 1981. Aka yi dogon yajin aikin 1984 zuwa 1985, shekara guda babu albashi, mata suna dafa abinci a zauren ƙungiya suna ciyar da unguwa. Horden ta rufe a 1987, Easington a 1993. Bakin tekun da aka shafe shekaru ana juye masa ɓaraguzan kwal har ya koma baƙi, an kwashe shi an gyara tsakanin ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000. Aikin yi ne bai dawo ba yadda yake. A titunan Horden masu lamba, gidaje da dama sun zama kango, wasu sun faɗa hannun masu saye daga nesa da ba su taɓa taka garin ba.

A 2009 aka rushe gundumar ta biyu ita ma, tare da sauran gundumomin lardin. Yau duk abin da ya shafi gidaje, shara da tsarin gari a Horden, Wheatley Hill da Peterlee, majalisa ɗaya ce ke yanke shi, wadda ke kula da mutum fiye da rabin miliyan. Majalisun ƙauyuka da aka kafa tare da gundumar a 1894 suna nan suna aiki, suna kula da abubuwa irin su maƙabartu, filayen wasa da 'yan gonakin haya.