Gidan raino ko matarnel: ina za a kai yaro?

Laccar da wata tsohuwar malamar firamare ta yi wa iyaye mata a Garwa ta ƙasar Kamaru, kamar yadda aka rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena, ƙannena da 'ya'yana, barkanmu da yamma. Na san wasu sun baro tukunya a wuta, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Da Satumba ta ƙarato sai a yi ta sallama a ƙofata da tambaya guda: Malama, yarona ya shekara biyu da rabi, matarnel zan kai shi ko gidan raino? Ni kuwa nakan fara da tambayar uwar: ke me kike nema, wanda zai riƙe miki shi har ki dawo, ko wanda zai shirya shi shiga aji? Wuraren nan biyu kowanne da aikinsa.

Matarnel makaranta ce, tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimin farko, wadda ke kula da firamare. A tsarin gwamnatin Kamaru, ta 'yan shekara 4 da 5 ce, yaro ya cika 6 ya shiga SIL, wato ajin farko na firamare. Masu zaman kansu da yawa sun ƙara ajin 'yan shekara 3. A can yaro yake koyon riƙe alli, zama wuri ɗaya, jiran layi, waƙa da ƙirga. Amma a wurina babban amfaninta shi ne harshe. Ɗanmu Hausa yake ji a gida, ya fita waje ya ji Fulatanci, ranar da ya shiga SIL kuma a tare shi da Faransanci tun daga ƙofa. Na koyar a ajin nan shekaru masu yawa. Za ki ga yaro mai wayo, wanda a gida baki ba ya rufuwa, ya zauna shiru kamar ruwa ya ci shi. Fitsari ya matse shi, yana ta murza ƙafa a ƙarƙashin benci, bai san da wane baki zai nemi izini ba, har ya sake shi a wando, 'yan aji su sa dariya. Wanda ya yi matarnel kuwa ya ɗaga yatsa ya faɗi kalma biyu ya fita abinsa. Wannan 'yar tazarar takan bi yaro har CP, wato aji biyu na firamare. Saboda haka ɗan shekara 4, in da hali, ni ban ga abin jira ba.

Gidan raino kuwa, wanda muke ce wa kirash ko gardari, madadin hannun uwa ne. Dokar aiki ta ba mace mai albashi hutun haihuwa na mako 14, da awa ɗaya kullum don shayarwa har jariri ya kai wata 15. Ku lissafa: ma'aikaciyar asibiti ko ofis za ta koma aiki jaririnta bai wuce wata uku ba, alhali likitoci sun ce nono zalla har wata 6. Irin wannan uwa abin da take bukata shi ne wuri kusa da aikinta, inda za ta ruga ta shayar ta dawo, inda za a yi wa yaro tsarki, a goya shi in ya yi rigima, a kwantar da shi in barci ya zo. Karatu bai taso ba tukuna.

To ga inda muke tuntuɓe. Kuɗin gidan raino galibi wata-wata ake biya, yana da nauyi, sai uwa ta ƙara wa yaro shekara da baki, ta ɗinka masa yunifom, ta tura shi matarnel yana ɗan shekara biyu. Malama ɗaya, yara cike da ɗaki. Ita za ta koyar, ko ita za ta wanke wa wanda bai daina kashi a wando ba? Yaron zai wuni yana kuka a lungu, ke kina kasuwa kina cewa ɗanki ya fara boko. Sannan matarnel da rana tsaka ake tashi, ga dogon hutu daga Yuni zuwa Satumba. Ke da ba kya baro babbar kasuwa sai gab da magariba, wa zai ɗauko shi? Na sha ganin an ɗora ɗan mitsitsin yaro gaban mai mashin, kansa na lilo don barci. Hajiya, na ga kina dariya, ai kin san abin da nake faɗa.

Kada kuma mu raina abin da muke da shi. In akwai kaka ko goggo mai lafiya a gida, wadda za ta yi wa yaro wasa da tatsuniya, ɗan ƙasa da shekara 3 bai yi asarar komai ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a cire yayarsa daga makaranta ta zama mai raino, ko a bar jariri hannun 'yar aikin da ita ma raino take bukata.

Kowanne kika zaɓa, je ki gani da idonki, kuma kada ki sanar za ki zo. Fentin bango da hoton zomo ba su ne abin dubawa ba. Ki ƙirga yara, ki ƙirga manyan da ke kansu. Ki leƙa banɗaki. Ki tambayi inda ake ɗebo ruwan sha, ki ga ko kofi ɗaya ne ke zagaya bakin kowa. Ki ɗaga kai ki dubi rufin, don kun san Garwa a Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuwa ba wurin jariri ba ne. In ana kwantar da yara, akwai gidan sauro? In yaro ya zo da zawo ko ƙyanda, mayar da shi gida ake yi ko a haɗa shi da sauran? Wurin da bai nemi katin rigakafin ɗanki ba, bai nemi na sauran ba ke nan. Tun Janairun 2024 Kamaru ta fara sa allurar zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin jarirai, ita ce ƙasa ta farko da ta yi haka, sai ki tambaya a asibitin unguwarku ko ta iso gare ku. Ki kuma tsaya bakin ƙofa lokacin tashi ki ga ko duk wanda ya zo ana miƙa masa yaro.

Maganar kuɗi, ku gaya wa mazajenku gaskiya tun yanzu. Firamaren gwamnati ce aka soke kuɗinta a shekarar 2000, matarnel ana biya, ga kuɗin ƙungiyar iyaye, ga yunifom, ga abin kalaci kullum. Masu zuwa makarantar allo kuma a daidaita musu lokaci da malam, kada a haɗa wa ɗan shekara 4 safe da yamma ba barcin rana.

Saura abu ɗaya. Wadda ɗanta ba shi da takardar haihuwa ta nufi ofishin magajin gari tun kafin rajista, don za a nema, in ba yau ba to ranar jarrabawar CEP ta gama firamare. Yanzu mai tambaya ta ɗaga hannu, mu fara daga baya.